Ana jajen naman aladen bogi, an manta da tukunyar wake

Tun da Orthodox Union, hukumar da ta fi kowacce girma wajen tantance abincin kosher, wato abincin da dokar addinin Yahudawa ta halatta, ta ƙi buga tambarinta a kan "naman aladen" da kamfanin Impossible Foods ya haɗa da waken suya a 2021, wasu marubuta a Amurka suke yi wa iyalan Yahudawa masu ƙaurace wa nama jaje kamar an yi musu rasuwa. Wai an hana su abinci mai gina jiki saboda tsattsauran ra'ayin malamai. Jajen nan ya ishe ni.

Shugaban sashen kosher na hukumar a lokacin, malamin Yahudawa Menachem Genack, bai ce akwai haram a kayan haɗin ba. Sunan ne ya tsaya wa mutanensa a wuya. Kamfanin ma ya zaɓi ya riƙe kalmar alade a jikin kwali, ya haƙura da tambarin kosher da na halal gaba ɗaya. Masu cewa hukumar ta yi baki biyu, tunda ta amince da Impossible Burger, naman sa na bogi na wannan kamfani, a 2018, suna da ɗan abin faɗa, amma ciwon ba a nan yake ba.

Mu fara da maganar lafiyar da ake ta kururutawa. Faifan Impossible Burger guda, mai nauyin giram 113, yana ɗauke da sinadarin sodiyam miligiram 370. Ɗanyen naman sa mai wannan nauyin bai kai 100 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya kai miligiram 2,000 a yini. Ga man kwakwa da aka zuba don abin ya yi maiƙo a baki. Uwar da ta raba gidanta da nama don gudun hawan jini, me za ta yi kuka a kai idan an hana ta irin wannan? Tambarin kosher shaida ce cewa an bi dokar addini wajen haɗa abinci. Ana buga shi a kan alewa da lemon kwalba ma. Musulmin da ke zaune a Turai ko Amurka, wanda yake laluben wannan tambari a kanti idan bai ga na halal ba, ya san ba likita ne ya sa hannu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zaton da ke ƙarƙashin jajen: wai da zarar gida ya bar nama, kiyaye kosher ya zama shan ruwa, saura kawai a samo abin da zai maye gurbin tsire. E, akwai sauƙi. Attaura ta hana dafa ɗan akuya a nonon uwarsa har sau uku, daga nan malamansu suka fitar da raba nama da madara: tukwane kashi biyu, cokula kashi biyu, da jiran awa shida a yawancin gidaje kafin a sha madara bayan cin nama. Gidan da babu nama ya huta da wannan. To amma wahalar ta tashi daga mahauta ta dawo kan tiren ganye.

Littafin Firistoci na cikin Attaura ya haramta cin ƙwari, kuma ƙwaro ɗaya da ido zai iya gani ya isa ya ɓata kwano. Saboda haka latas, kabeji da burokoli sai an jiƙa, an ɗauraye, an ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya a gaban haske. Wanda ya taɓa zama tsince wake ko gyaran zogale zai gane, sai dai a nan ba don tsabta kaɗai ake yi ba, zunubi ake gudu. Iyalin da rabin abincinsu ganye ne, kullum suna kan wannan aiki. Ƙwai sai an fasa a kofi an duba ko da ɗigon jini. Cuku mai tauri, ko da ba a sa sinadarin cikin ɗan maraƙi wajen daskarar da shi ba, sai da sa idon Bayahude mai kiyaye doka. Ruwan inabi ma haka. Har ƙwayar bitamin B12, wadda mai ƙaurace wa nama da madara da ƙwai ba shi da makawa sai ya sha, sai an bincika ko ɓawonta na jelatin ne da aka samo daga fatar alade ko ta saniyar da ba a yanka bisa ƙa'ida ba. Wanne daga cikin waɗannan naman aladen roba zai magance?

Sai babban dutsen, Idin Ƙetarewa, idin da Yahudawa ke tunawa da fitarsu daga Masar. Kwana bakwai a Isra'ila, takwas a waje, ba a cin abin da ya kumbura na alkama, sha'ir da danginsu. Wannan doka ce, ba mai jayayya. Amma Yahudawan Ashkenazi, waɗanda kakanninsu suka fito daga tsakiya da gabashin Turai, sun ƙara da wata al'ada tun wajen ƙarni na 13: ba shinkafa, ba wake, ba masara, ba waken suya. A lissafa da yaren kicin ɗinmu: ba ƙosai, ba alale, ba awara, ba garau-garau. Mai cin nama zai yanka kaza ya wuce abinsa. Gidan da wake ne namansu sai su kwana takwas a kan dankali da ƙwai da gurasar matza marar yisti, ga yara masu tasowa. Alhali da yawa daga Yahudawan Sefardi, masu tushe a Sifaniya da Fotugal, suna cin shinkafarsu da wakensu a wannan idi, ba wanda ya ce sun bar addini.

Nan ne ya kamata a tayar da jijiyar wuya. Kwamitin shari'a na ɓangaren Conservative, Yahudawa masu ɗan sassauci a kan dokokin addini, ya halatta wa mabiyansa waɗannan abinci a ƙarshen 2015. Malaman Ashkenazi na ɓangaren Orthodox, masu riƙo da dokar sau da ƙafa, sun tsaya a kan cewa al'adar kakanni ba abin wasa ba ce, hujjar da ke da daɗin faɗa ga wanda akwai farfesu a tukunyarsa. Masu rajin kare muhalli kuma za su ce naman bogi yana rage kiwon shanu, to madalla, wake ya riga shi yin wannan aikin da dubban shekaru.

Ban ce a rushe al'ada da rana tsaka ba. A sassauta wa gidajen da ba sa cin nama, ko a faɗaɗa jerin abin da aka yarda da shi, malaman sun fi ni sanin ta inda za a ɓullo. Sun taɓa yi. Kinuwa (quinoa), wata tsaba ta Kudancin Amurka da ake dafawa kamar shinkafa, ta yi shekaru ana gardama a kanta, sannan ita dai wannan Orthodox Union ta amince a ci ta a Idin Ƙetarewa daga 2014, bisa hujjar cewa kakannin da suka kafa al'adar ba su san ta ba balle su hana.