Katin Allurar Kare Ba Na Mai Kare Kaɗai Ba Ne

Makon jiya kare ya ciji ɗan maƙwabcinmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, Ghana, yaro ɗan shekara takwas da aka aika sayen koko. Da aka je wa mai karen, sai ya ce, "Alhaji, ku kwantar da hankali, an yi masa allurar rigakafin haukan kare." Ina kati? Ya ɓata. Yaushe aka yi? Bara, ko bariya. Wa ya yi? Wani mai babur da ke zagayawa. A kan wannan magana ta fatar baki aka so uba ya jingina ran ɗansa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne abin da na ji a bakin masallaci bayan la'asar. Da na ce ya kamata mu matsa wa majalisar Asokore Mampong, wadda Aboabo da Asawase ke ƙarƙashinta, ta riƙa ajiye rajistar karnukan da aka yi wa rigakafi, sai wani dattijo ya ce, "Mu da ba ma kiwon kare, ina ruwanmu?" Mutane suka gyaɗa kai. To, baba, da girmanka, ruwanmu ne tsundum. Karen makaniki da ke gadin gareji, da na mai gida a bayan layi, da wanda ke kwana a bola, duk hanya ɗaya suke bi da 'ya'yanmu masu zuwa makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa da ciwon haukan kare daga kare suke samunsa, kuma kusan kashi 40 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Da zarar alamunta sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, sai dai a yi masa addu'a. Ƙyamar da muke wa yawun kare ba ta taɓa hana haƙorinsa shiga ƙafar yaro ba.

Masu cewa a bi karnuka da guba a huta ba su san cewa wasu ne za su cike gurbin kafin damina ba.

Dokar Ƙananan Hukumomi ta Ghana ta 2016 ta ba majalisu ikon kafa dokokin cikin gida, kuma da yawansu sun rubuta cewa mai kare ya yi masa lasisi da rigakafi. Amma doka da ta tsaya a kan "ka yi allura" ba ta ce "a kawo rahoto" ba, gurguwa ce. Likitan dabbobi ya yi allura, ya miƙa kati, kati ya shiga aljihu, shi ke nan. Ma'aikaciyar jinya da aka kawo wa yaro jina-jina ba ta da inda za ta duba. Masana sun ce sai an yi wa kashi 70 na karnukan yanki allura kafin a katse yaɗuwar cutar. Kashi 70 na nawa? Wanda bai ƙirga karnukansa ba, da me zai auna? Kowace 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, a yi taro, a ɗauki hoto, a maimaita alkawarin kawar da mace-macen nan da 2030, alhali ba littafin da za a buɗe a ce ga karen wane, ga ranar allurarsa.

A wajabta wa duk mai yin allura, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya kai sunan mai kare da kwanan wata ga majalisa, a ajiye kwafi wurin ɗan majalisar unguwa da fadar sarkin zango. Limamai su faɗa ranar Juma'a.

Shi yaron, uwarsa ta wanke ciwon da sabulu da ruwa minti 15, aka kai shi asibiti, ya fara karɓar allurai. Uban ne ke biya. Karen an ɗaure shi ana lura da shi kwana goma, yau saura uku.