Sojan da ya faɗi a Dajin Rugu ma yana da suna

Duk ranar 15 ga Janairu manyan gwamnati kan taru a Abuja da manyan biranen jihohi, har da nan Katsina, su ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, a saki fararen tantabaru, a busa bigila, kowa ya shiga motarsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan biki shi ne, matasan da muke binnewa a 'yan shekarun nan sanannu ne, suna da iyaye da lambar aiki, amma hukuma ta zaɓi ta riƙa ambatonsu da ƙidaya.

Ba wai ƙasar nan ba ta iya karrama mamaci ba ne. Lokacin da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta a watan Maris na 2024, an wallafa sunayensu da hotunansu, Shugaba Bola Tinubu ya halarci jana'izarsu a maƙabartar sojoji ta Abuja, ya ba su lambobin girma na ƙasa, ya kuma yi wa iyalansu alƙawarin gidaje da karatun 'ya'ya kyauta. Haka kuma babu mai bin labarai da ya manta da Muhammad Abu Ali, gwanin tankar yaƙi, wanda aka ɗaga daga Manjo zuwa Laftanar Kanar a 2015 saboda rawar da ya taka a yaƙi da Boko Haram, ya kuma rasu a Malam Fatori a Nuwamban 2016. Duk sun cancanci abin da aka yi musu. Sai dai akwai ƙananan sojoji da suka mutu tare da Abu Ali a daren, kuma da wuya a sami mai iya kawo sunan ɗaya daga cikinsu a yau.

A Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, yaron da bai daɗe da barin Defot na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, ba yakan tsaya a bakin daji da dare domin mutanen ƙauye su samu su tsere. Idan ya faɗi, abin da ke fitowa shi ne sanarwa mai layi biyu cewa an yi asarar wasu dakaru, wani lokacin ma sai a yi shiru. Sau da yawa abokin aikinsa ne ke kiran mahaifiyarsa a waya, daga baya a kawo jakar kayansa, sannan matarsa ta fara yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan tana neman haƙƙinsa, tana kuma lissafin ranar da za a ce ta bar ɗakin bariki. Karramawar ƙasa ta zama ta wanda mutuwarsa ta tayar da ƙura a Abuja.

Masu cewa bayyana sunaye zai karya gwiwar dakaru su fara tambayar sojan da ya ɗauko gawar abokinsa ko shirun ya ƙara masa ƙwarin gwiwa.

Abin ya fi zafi idan aka tuna cewa jagororin 'yan bindiga kowa ya haddace sunayensu. A zaman sulhu na 2019, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an ɗauki hoto da su riƙe da bindiga, kuma a zaman da aka yi ta yi a ƙananan hukumomi a 2025 sun zo da makamansu a kafaɗa, an ba su lasifika sun yi jawabi. Wato wanda ya harbe yaron yana da suna da kujera a taro, shi kuwa yaron ya shige cikin "wasu dakaru".

Wannan ba aiki ne da sai an jira Abuja ba. Gwamnatin Dikko Raɗɗa, wadda ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, ita ma tana binne nata matasan, don haka tana iya haɗa kai da Birged ta 17 ta sojojin da ke Katsina a fitar da cikakken jerin waɗanda suka faɗi a jihar, soja da ɗan sanda da ɗan rundunar al'umma, a riƙa karanta shi a bainar jama'a kowace shekara, a bibiyi haƙƙin magadansu. Sababbin tituna da makarantu ma ana ta buɗewa, kuma 'yan siyasa sun riga sun samu rabonsu na alluna har ya yi yawa.