Ba Tausayi Ne Ya Ɗaga Beethoven Ba

Tun jiya maganar bawan Allahn nan na rediyo take ci mini rai. Kun dai ji shi: wai Beethoven, Bajamushen nan mai rubuta kiɗa, bai fi takwaransa Haydn da komai ba, tausayin kurumtarsa ne ya sa Turawa suka ɗora shi a ka. Haba malam! Ka taɓa zama ka saurari mutumin nan kuwa?

Haydn makaɗin fada ne. Kusan shekara 30 ya yi yana hidima a gidan sarautar Esterházy, da kayan barorin gidan a jikinsa. Maigida na son kiɗan liyafa, sai ya rubuta. Gwani ne, ban raina shi ba, shi ne ma ya koyar da Beethoven da ya iso Vienna a 1792. Amma kiɗansa na faranta wa masu gida ne.

Beethoven kuwa abin da ke cin zuciyarsa ya zuba a kiɗa. Nan ne zamani ya juya, kuma nan ne mutumin rediyo bai gane ba.

Ku ɗauki simfoninsa (dogon kiɗa mai kashi-kashi da taron makaɗa ke yi) na uku, Eroica, da jama'a suka fara ji a 1805. Da duka biyu masu ƙarfi ya buɗe shi, kamar an bugo ƙofa. Tsawonsa ya kusa ninka abin da aka saba, kashi na biyu kuma kiɗan rakiyar gawa ne. Akwai wurin da mai busa ƙaho ke shigowa kamar ya yi riga malam masallaci. A wajen gwaji ɗalibinsa Ferdinand Ries ya ce mai busar ya yi kuskure, saura ƙiris Beethoven ya kwaɗa masa mari, don da gangan ya rubuta haka. Ya so sadaukar wa Napoleon na Faransa aikin, amma da Napoleon ya naɗa kansa sarki a 1804, Beethoven ya kankare sunansa har takardar ta huje. Wane baran gida ne zai yi wannan?

Za a ce ai Mozart ma yana taɓa zuciya, ko a ce Beethoven bai rushe tsarin magabata ba. Na ji. Bai rushe ɗakin ba, ya cika shi ne har bango ya tsage, makaɗan da suka biyo bayansa, su Berlioz da Schumann, suka bi ta tsagar.

Kurumtar ma, ku karanta wasiƙar da ya rubuta wa ƙannensa a Heiligenstadt, kusa da Vienna, a 1802. Ya ce sana'arsa ce kaɗai ta hana shi kashe kansa. Duk lokacin da na karanta sai jikina ya yi sanyi. Bayanta ne Eroica ya zo.

Don Allah kuma ku daina jin irin wannan kiɗa ta sifikar waya. Ƙanena ya kunna mini simfoni na tara a haka, ƙananan muryoyin goge duk sun ɓace, sai ƙara kamar ta injin markaɗe. Na ba shi aron abin kunnena, har yau bai dawo mini da shi ba.