Tashar da ta sayar wa malami fili ita ma dole ta amsa tambaya

Da dama daga cikin shirye-shiryen addini da muke kallo a gidajen talabijin masu zaman kansu na Yamai fili ne da malami ko ƙungiyarsa suka saya, musamman a lokacin tafsirin azumi. Idan malamin ya kafirta wata ɗariƙa, ko ya aibata mabiya wani addini, sai tashar ta wanke hannunta da cewa ra'ayin mai magana ne. Wannan uzuri ba ya karɓuwa, domin wanda ya karɓi kuɗin fili, ya kunna kyamara, ya kai maganar cikin ɗakunan jama'a, yana da hannu a cikinta.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin watsa shiri ya san akwai ma'aikaci zaune gaban na'ura, sauti a kunnensa, maɓallin yanke magana kusa da yatsarsa. Abin da ya rasa shi ne umurni daga shugabannin tasha, kuma sau da yawa babu editan da ke jin Hausa da Zabarmanci da Larabci sosai da zai gane inda wa'azi ya koma tunzuri. Naɗar shiri kafin a watsa shi, da tace kiran masu sauraro, ba su fi ƙarfin kowace tasha ba.

Mun ga yadda magana ke saurin zama wuta. A watan Janairun 2015, zanga-zangar adawa da zanen ɓatanci ga Annabi na jaridar Faransa Charlie Hebdo ta ci rayukan mutum 10 a Damagaram da Yamai, an kuma ƙona coci-coci masu yawa. A Yunin 2019 aka sake ƙona wata coci a Maraɗi bayan kama wani limami. Ba na ɗora wa talabijin alhakin waɗannan, amma ƙasar da ta ga irinsu bai kamata ta bar makirufo babu mai tsaro ba. Ko kotun duniya ta Arusha, a 2003, ta kama Ferdinand Nahimana da laifi a kan tunzurin kisan kiyashi da rediyon RTLM ya watsa a Ruwanda, alhali yana cikin masu gidan ne, ba mai gabatar da shiri ba.

Tun daga Yunin 2024, matashin da ya tura guntun bidiyon cin mutunci ko tunzuri a WhatsApp yana iya fuskantar ɗauri ƙarƙashin dokar laifukan intanet, don haka ba adalci ba ne a ƙyale tashar da bidiyon ya fito daga gare ta. Sai dai ya kamata hukumar da ta gaji aikin majalisar sadarwa ta CSC ta bi mataki-mataki: gargaɗi, tilasta ba wanda aka ci wa mutunci damar mayar da martani, dakatar da shirin, kafin a kai ga rufe tasha. Kuma a fayyace a rubuce cewa malamin da ya soki gwamnati a kan tsadar shinkafa ba ya cikin masu tunzura jama'a.