Ku Riƙa Gwajin Mutuwar Inji Tun Kafin Ya Mutu

Ƙannena da kuka karɓi lasisin tuƙa ƙaramin jirgin sama, wani abu yana damuna. Da yawanku rabonku da ku ja totur baya a sama, ku sauko kamar inji ya mutu, tun ranar jarrabawa. Alhali jirgin nan inji ɗaya tak gare shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

In inji ya yi shiru, jirgi yana ci gaba da shawagi. Ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 172 kan yi kusan mil ɗaya da rabi a kan kowace ƙafa 1,000 da ya sauko, amma fa sai ka riƙe gudun da ya dace, not (ma'aunin gudun jirgi) 65 ko 68 gwargwadon samfurinsa. Buɗe littafin jirginka ka haddace lambar, domin ita ce farko, kafin rediyo, kafin komai. Sannan ka zaɓi fili, ka lura da inda iska ke kaɗawa. Sai ka duba makunnin mai da magneto (mai ba fulogi wuta) da ɗumin kafireto (mai narkar da ƙanƙara a kafireto), ko injin zai tashi. Bayan nan ne za ka sa 7700, lambar gaggawa, a na'urar da ke nuna jirginka a rada, ka kira Mayday, wato kiran neman agaji, a tashar rediyo ta 121.5.

Inda ake halaka shi ne kusa da ƙasa. Za ka ga filin yana hawa sama a gilashin gabanka, alamar ba za ka kai ba, zuciya ta ce ɗaga hancin jirgi. Wallahi in ka biye mata gudu zai ragu, fiffike ya daina ɗaukar jirgi, ya rikito a inda babu sauran tsayin gyarawa. Gara ka sauka a gona mara kyau jirgi yana hannunka. Kada ka saki filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa don sauka, sai ka tabbatar filin ya zama naka. Karatu ba ya koya wa hannu wannan, sai maimaitawa.

A 1983 mai ya ƙare wa Boeing 767 na Air Canada a sama. Kyaftin Bob Pearson, wanda ya saba tuƙa jirgi mara inji, ya sauke shi a tsohon filin jirgin soja na Gimli a Kanada, ba a rasa rai ba.

Shi kansa gwajin yana son hankali. Ka yi shi da malami. Ka kunna ɗumin kafireto, kana ɗan taɓa totur lokaci-lokaci don kada gwaji ya rikiɗe ya zama gaske. In ba titin jirgi ka nufa ba, kada ka yi ƙasa da ƙafa 500, wayoyin lantarki ba sa ganuwa sai an zo daf da su. Haka mutuwar inji jim kaɗan bayan tashi: koyi sauke hanci nan take ka nemi wuri a gabanka, juyawa zuwa titi ya ci rayuka da yawa.

Don Allah, tashin da za ka yi nan gaba, ka ɗauki malami, ka roƙe shi ya ja maka totur ba tare da ya faɗa maka ba.