Ku riƙa rubuta abin da kuke ci, ko na sati biyu ne

Jama'ar Maraɗi, mai shago yana rubuta bashin dala biyar, uwar adashi tana rubuta zubi, amma abin da ke shiga cikinmu kullum ba mai lissafinsa. Sai hawan jini ko ciwon suga ya kai mutum gaban likita, a tambaye shi me yake ci, ya ce "abin da kowa ke ci". Da wannan amsa me likita zai yi?

Ni a ganina kowane gida ya nemi ɗan kaye da bik. Ba manhajar waya mai tambayar giram nake nufi ba, don mu kwano ɗaya muke sa hannu. A rubuta da ma'aunin da muka sani: ludayin fura nawa, malmalar tuwo nawa, magi nawa aka marmasa a miya.

Shayi ne zai fi ba maza mamaki. A fada ana dafa na farko, na biyu, na uku, kowanne sai an zuba sukari har ya yi kauri, da dare kuma a sake ɗora buta. Ba wanda ke ƙirga shi cikin abinci. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya kai giram 50, wato wajen cokalin shayi 12, gishiri kuwa ƙasa da giram 5. Ga zoɓo, ga lemon kwalba, ga sukarin cikin fura. Ranar da ka tara su a shafi guda, ba sai an yi maka wa'azi ba.

Amma abin da ya fi damuna yara ne. Kunu da safe, fura da rana, tuwo da dare: suna uku, hatsi ɗaya. Cikin yaro ya cika, uwa ta samu natsuwa, tamowa kuwa tana shigowa a hankali. Ƙa'idar masana lafiya ita ce yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla rukuni 5 cikin rukunin abinci 8 a yini, nonon uwa na ciki. Kuma ba daga nesa za a kawo su ba. Wake ne, ƙuli-ƙuli, ƙwai, nonon shanu, kifin Madarunfa, zogalen lambunan Jiratawa da muke yin kwaɗo da shi.

Na san wani zai ce wanda ke neman na yau ina ruwansa da kaye. Wallahi shi ya fi buƙata, don ɗan canjin da ke tafiya a sukari zai iya sayen ƙwai. Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, ko ta sa ɗanta ɗan makaranta ya rubuta bayan sallar isha'i. A sa har ƙosan da aka ci a hanya, kuma ranar awo ko ganin likita a tafi da kayen.