Karatun nan ya kamata ya shiga kowace unguwa

Na karanta labarin matan nan da ke haɗuwa don raɗin kansu suna nazarin dokokin ƙasa, wallahi raina ya yi fari. Allah ya saka musu da alheri.

Ni a Tudun Wadar Zariya nake, kuma na ga amfanin abin da idona. Bara aka zo kama ɗan maƙwabciyata, ba a same shi ba, sai aka tafi da ƙanensa. Uwar ta zauna a zaure tana kuka, ta cire 'yan kunnenta za ta sayar ta biya kuɗin beli. Malamar Islamiyyarmu, wadda ke zuwa irin wannan zama, ta riƙe hannunta ta ce, "Yaya, mayar da 'yan kunnenki. Belin 'yan sanda kyauta ne, kuma dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani." Har ta ce mace ma tana iya tsaya wa mutum beli. Duk cikinmu ba wadda ta sani! Ta yafa mayafi suka tafi tare, kafin magariba yaron yana gida.

Masu cewa baƙon abu ne, ai tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ke tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata.

Ɗalibai mata masu karatun lauya a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, don Allah ku riƙa leƙo mu ran Asabar, ku warware mana babi na 4 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan Adam, da Hausa. Tabarma da ruwan sha suna wuyanmu.